Kashim da Eriya Mai Jan Mil Ɗari Uku

Duk faɗin unguwar Bolori babu wanda ya san makarantar da ta ba Kashim sunan Injiniya. Abin da aka sani shi ne, wata shekara ya taɓa gyara fankar wani maƙwabci, fankar ta koma juyawa da baya tana zuƙe iskar ɗaki, kuma tun ranar ya daina amsa kira in ba a haɗa da Injiniya ba. Sana'arsa ta zahiri sayar da caja da rigar waya ce a kan tebur a bakin titi. Amma in ka zauna kusa da shi na ɗan lokaci, za ka ji cewa rashin kayan aiki ne kawai ya hana shi ƙera jirgi.

Matarsa Siddiƙa ta daɗe da daina musu da shi. In ya fara, sai ta ce "To," ta ci gaba da tankaɗenta.

A kuryar ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da yayansa ya bar masa lokacin da ya rufe shagon buga takardu. Tana kunnuwa, tana ƙugi kamar injin markaɗe, sai dai ba ta da hanyar kama intanet. Wannan ne ya kai shi kasuwar Gamboru wata safiya, shagon Hamisu, wani Bakano mai sayar da tarkacen kwamfuta.

Hamisu ya ɗauko wani ɗan abu baƙi, bai fi ɗan yatsa ba, da siririyar eriya a kansa. Ya ce, "Ga adafta. Ka soka ta a bayan kwamfuta, sai ta kama waifai, in akwai shi a kusa."

Kashim ya juya kwalin, ya yi murmushin tausayi. "A kusa? Ku 'yan kasuwa kuna sayar da abin da ba ku san darajarsa ba. Karanta nan."

A jikin kwalin an rubuta 300Mbps.

"Ɗari uku," in ji Kashim. "M ɗin nan kuma mil ce."

"Sauran haruffan fa, yallaɓai?"

"Ado ne."

"Gudunta ake nufi, ba nisa ba."

"To abin da ke gudu haka, a nan kusa zai tsaya?"

Hamisu ya dube shi, ya dubi layin mutanen da ke jira. Ya ce, "In sa maka a leda?"

Kafin keke napep ya sauke shi a unguwa, Kashim ya gama lissafi. Injamena ba ta kai mil ɗari uku ba. A can kuwa, a faɗarsa, ofisoshin Turawa na zubar da intanet a iska ba mai kwashewa. Shi zai kwaso, ya raba wa Bolori kyauta. Ko gida bai shiga ba ya wuce wurin Bulama Gana, mai unguwa, wanda ke zaune a gindin dogonyaro yana shan shayi.

"Alanguburo, ranka ya daɗe, shagon nan na jikin masallaci da ke rufe, a ba ni shi. Zan buɗe cibiyar intanet. Babu kati, babu data, daga sama za a sha."

Bulama ya kurɓi shayinsa. "Daga sama."

"Kai tsaye."

"Mai wanki ma ya nemi shagon, shi kuwa na ga kayan aikinsa, bokiti ne da dutsen guga. In ka nuna wa jama'a da idonsu, naka ne."

A gida, aikin ya fara da ɗan faifan da ya zo cikin kwalin. Kwamfutar ta ƙi buɗe baki ta karɓa. Kashim ya buɗe mata da cokalin Siddiƙa, ta karɓi faifan, ta riƙe har da kan cokalin. Ya soka adaftar, ɗan koren haske ya fara ƙiftawa, ya zauna yana jira. Babu komai. Ya juya eriyar arewa, ya juya ta kudu, ya hura mata iska. Babu komai.

Ana kiran sallar la'asar a masallacin unguwa, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da ɗakin ta gabas, sai ga wani rubutu ya bayyana a allo: 4G-KT-90. Bai nemi lambar sirri ba. Kashim ya danna, shafi ya buɗe.

"Siddiƙa! Siddiƙa! Zo ki ga Chadi!"

Ta leƙo da hannu duk gari. "Ina take?"

"Ga ta nan. KT, wato Kamfanin Tauraro. Casa'in kuma lambar tauraron ce."

"To. Cokalina fa?"

"Ana maganar sararin samaniya kina maganar cokali."

Ya fara sauke fim ɗin 'yan kokawa. Ana sallame salla da ɗan lokaci, rubutun ya ɓace. Da magariba ya dawo, ya sake ɓacewa. Da isha'i ma haka. Kashim ya yi nazari mai zurfi, washegari ya kai sakamakon binciken teburin mai shayi: tauraron yana ratsa saman Bolori ne daidai lokutan salla, kuma daga alƙibla yake ɓullowa.

"Tauraro ne mai tarbiyya," ya ce. "Ran da limaminmu Goni ya ja doguwar sura ma ya fi daɗewa. Na lura."

Wilson, mai walda a bakin layi, mutumin Biu, ya ajiye kofinsa. "Oga Injiniya, ranar Lahadi da safe yana zuwa?"

"Ban ga ya zo ba tukuna. Amma zan duba maka."

Matsala ɗaya ce. Tunda tauraron da salla lokacinsu guda, dole ɗaya ya jira. Kashim ya fara yin tasa sallar a ɗaki, bayan an sallame. Wurinsa a sahu ya zauna fili, har mutane suka fara tambayar Siddiƙa ko jiki ne. Ta ce, "Kalewa, lafiyarsa lau. Yana Chadi."

Ana haka sai ga Goni Mikail, limamin masallacin, da kansa ya yi sallama a ƙofar gida wata hantsi. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kashim ya shigar da shi har ɗaki, yana shirya uzurin rashin zuwa jam'i. Sai ya dubi allo. Ga 4G-KT-90 a cike taf, a lokacin da ba na salla ba.

"Allah ya gafarta Malam, ka ga albarkarka? Kana shigowa tauraro ya juyo."

"Madalla," in ji Goni. "Ni ma wata damuwa ce ta kawo ni, an ce kai ne masanin abin."

Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani ɗan farin akwati kamar sabulun wanka. Maifai ne, wanda ake sa wa layi ya ba wayar mutum intanet. 'Yarsa da ke aure a Wulari ce ta saya masa don ya riƙa sauraron karatu, ta kuma cire masa lambar sirri, don ya ce ba zai ƙara wa kansa wata haddar ba bayan wadda ya yi. Kullum yana aljihunsa a kunne.

"Da, in ta sa mini data sai ta kai ni ƙarshen wata," in ji Goni. "Yanzu kamar ana zuba ruwa a kwando. Ta ce wani ne ke sha."

Kashim ya karɓi akwatin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kara a kunne. Bai duba rubutun da ke bayan akwatin ba.

"'Yan Kamaru ne," ya ce.

"Daga Kamaru?"

"Suna da eriya irin tawa, sai dai su ba su da tsoron Allah. Mutum ya zauna a ɗakinsa yana zuƙe haƙƙin dattijo! Goni, ka bar ni da shi. Kafin nan, ka samu gwangwanin madara babba, ka sa shi ciki, ka rufe ruf. Ƙarfe na tare ɓarawo."

Goni ya yi godiya. A bakin ƙofa ya juyo. "Sahu na tambayarka."

"Aikin al'umma ne ya riƙe ni, Allah ya gafarta Malam."

Da la'asar ɗin ranar, tauraro bai zo ba. Da magariba ma shiru. Kashim ya ji ta katanga Goni na roƙon Allah ya shiryi mai shan datar mutane ko ya bayyana shi, ya amsa da amin mai ƙarfi daga ɗaki, idonsa a kan allo. Babu komai.

Abin ya zo a mugun lokaci, domin ya riga ya yi alkawari. Ya Gumsu, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasa, tana da ɗa guda, Haruna, direba a Jidda, shekaru ba ta sa shi a ido ba. Matarsa ta haihu, suna ya matso. In ya kira ta a waya da hoto ba ta ganin komai, idonta ya yi rauni, ta ce fuskar ɗanta kamar ƙwayar wake take gani. 'Yan'uwa sun shirya kai ta Wulari gidan wani mai babban allo. Kashim ne ya hana.

"Ya Gumsu, ki shiga keke napep da wannan ƙafar taki, ina raye? A ƙofar gidanki za ki ga jikanki, girman buhun gero. Bulama zai zo, Goni zai yi addu'a, unguwa ta shaida."

Tsohuwa ta sa an fasa tafiyar. Ta sa an jiƙa gero, ta fito da lafayarta ta biki aka turara.

Saboda haka da tauraro ya ɗauke ƙafa, Kashim ya gane cewa tsawo ake bukata. Ya koma Gamboru ya sayo doguwar waya wurin Hamisu. Ya ɗaure adaftar a kan gora ya kafa a tsakar gida. Akuyar gidan ta tauna wayar. Ya sayo wata. Ya ƙara gora a kan gora, iska ta kwantar da su a kan shanyar maƙwabta, eriyar ta fito da ɗankwalin wata a rataye. Matar ta zo karɓa da kanta, kuma abin da ta faɗa da Barbarci ba wanda ya yarda ya fassara wa Wilson.

Sai ya ce faranti ne babu. Ya ɗauki murfin babbar tukunyar Siddiƙa, ta kayan aurenta, ya huda tsakiyarsa da ƙusa.

Wannan karon ba ta ce "To" ba.

"Baban Muhsinat, murfin nan daga ɗakin uwata ya fito."

"Yanzu kuma zai shiga tarihi."

"Da me zan rufe burabusko?"

"In cibiya ta buɗe, tukunyar da ke rufe kanta zan saya miki."

Ya hau rufin kwano da murfin a hammata. Ya taka inda babu katako a ƙasa. Ƙafarsa ta dama ta ɓulla ta saman madafa har cinya, daidai kan Siddiƙa da ke juya miya. Ta ɗaga kai ta dubi ƙafar, ta cire takalmin da ke lilo don kada ya faɗa tukunya, ta ci gaba da juyawa.

"Siddiƙa, turo ni sama!"

"Bari miya ta nuna."

Wilson ne ya zo da tsani ya zaro shi. Ya kuma yarda ya haɗa masa doguwar sandar ƙarfe da tsoffin bututu, don ya ce ya gaji da ganin gora na faɗowa a kan mutane. Aka kafa ta a kan rufi, murfin tukunya a ƙoli yana walƙiya, ana hango shi tun daga titi. Masu keke napep suka fara kwatance da shi.

A daidai wannan ranar, Goni Mikail ya gaji. Tun da ya sa maifai a gwangwani ɓarawo ya daina sha, gaskiya ne, amma shi ma ya daina jin karatu. Ya fito da shi ya mai da aljihu, ya ba jikokinsa gwangwanin. Da la'asar tauraro ya dawo.

Kashim ya fito titi ba takalmi. "Na faɗa! Faranti ne! Wilson, ka shaida!"

"Na shaida murfin tukunya ne," in ji Wilson.

Ya lura dai cewa ƙarfin bai kai na da ba. Ya ce tauraron ƙasa-ƙasa yake tafiya, saboda kunya. Suka karkato murfin yana kallon rufin masallaci, ƙarfi ya ƙaru. Ranar ya sauke finafinan kokawa har da na ajiya.

Da Siddiƙa ta tambaye shi yadda za a yi, tunda suna da hantsi ne kuma tauraro sai lokacin salla, ya ce ya taɓa zuwa da hantsi ran da Goni ya shigo, ke nan yana girmama manya, kuma ranar suna manya za su cika wurin.

Ranar suna aka kafa rumfa tsakanin gidajen biyu. Aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, mata a baya cikin lafaya kala-kala, ƙamshin turaren wuta ya cika layin. Aka aro babban talabijin aka haɗa da kwamfutar a kan tebur, da ɗan idon kyamara a samansa. Janareta na ruri a gefe. Kashim ya sa farar shadda da hular zanna, ya rataya abin gwada wuta a aljihun gaba. Wilson kuwa an tura shi kan rufi, ya riƙe sandar, ya jira umarni.

Allo babu komai. Bulama Gana ya zauna a kujerarsa, mai wanki na tsaye a bayansa ba tare da an gayyace shi ba. Kashim ya fara jawabi don cin lokaci. Ya yi bayanin yadda iska ke ɗauke da haruffa. Ya kai ga tarihin tauraro, gumi na bin wuyansa, sai ga Goni ya ɓullo daga kan kwana yana amsa gaisuwa, wushe, wushe. Aka ba shi wuri a gaba.

4G-KT-90 ya cika taf.

"Wilson, riƙe nan! Kada ka yi numfashi!"

Aka kira Jidda. Fuskar Haruna ta cika talabijin, har furfurar da ta fara fito masa a gemu ana gani. Aka kamo hannun Ya Gumsu aka zaunar da ita dab da allo. Ta daɗe tana kallo, ta miƙa hannu ta shafa gilashin.

"Haruna. Ka tsufa."

"Ya, kin ganni?"

"Na ganka. Ba ka cin abinci."

Mata suka fara share ido da gefen lafaya. Kashim ya dubi Bulama, ya dubi mai wanki, ya gyara hula. Haruna ya ce bari ya ɗauko yaron, ya tashi.

Goni ya ga akwai ɗan lokaci kafin addu'a, ya miƙe don ya sabunta alwala a famfon da ke can bayan masallaci. Bai yi nisa ba hoton ya tsaya cak a kan kujerar roba babu kowa.

"Wannan ne jikan?" in ji wata daga baya.

"Wilson! Ka motsa!"

"Ban motsa ba!"

"Juya hagu! Hagunka, ba nawa ba! Ɗaga! Sauke!"

Wilson ya juya, ya ɗaga, ya sauke. Kujerar roba na nan. Kashim ya zare abin gwada wuta ya taɓa jikin tebur da shi, ba don komai ba. Goni ya dawo yana gyara hannun riga, ya zauna. Hoton ya motsa, ga Haruna na cewa ana canza wa yaron kaya.

"Kun gani?" in ji Kashim. "Daƙiƙa kaɗan na gyara. A Injamena sai a kwana ana nema."

Sai wayar Goni ta yi ƙara. Saboda rurin janareta ya tashi ya nufi ƙarshen layi don ya ji. Haruna ya daskare da baki buɗe, ido ɗaya a rufe.

"Wilson!"

"Oga, ko ƙuda bai sauka a kai ba!"

"Girgije ne ya tare," Kashim ya gaya wa Bulama.

Duk taron ya ɗaga kai. Sama fes, ko tsuntsu babu.

"Yana can saman Dikwa," in ji Kashim. "Ba a ganinsa daga nan."

Goni ya dawo, Haruna ya rufe baki. Ya Gumsu ba ta juyo ba, amma ta ɗaga hannu.

"Goni."

"Na'am, Ya Gumsu."

"Ni idona ba ya gani sosai, amma kunnena lafiya lau. Duk sanda na ji takalminka ya tafi, ɗana sai ya sandare. In ya dawo sai ya farfaɗo. Ka zauna wuri ɗaya don Allah."

Kashim ya yi dariya shi kaɗai. "Albarka ce, na sha faɗa. Tauraron yana..."

"Goni," in ji Bulama a hankali, "ɗan taka zuwa wancan dogonyaron mu gani."

Goni ya taka. Haruna ya daskare. "Dawo." Ya dawo, Haruna ya motsa. Bulama ya sake tura shi. A karo na gaba jama'a ne da kansu ke ba da umarni, mata na cewa ya ƙara gaba, maza na cewa ya isa. Limamin unguwa na kai da kawowa a tsakiyar layi da carbi a hannu, wani mutum a Jidda na mutuwa yana tashi. Daga can Haruna ya samu ya ce, "Wai me ke faruwa ne a gidan?"

Goni ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗan farin akwatin, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Bulama ya karɓa, ya juya bayan akwatin, ya sa tabarau. Ya karanta a fili, harafi bayan harafi, sannan ya ɗaga kai ya karanta abin da ke kusurwar talabijin. Iri ɗaya ne sak: 4G-KT-90.

Duk idanu suka koma kan Kashim.

"Kashim," in ji Goni, muryarsa yadda take kullum. "Kamarun nan, ashe katanga ɗaya ce tsakaninmu."

"Allah ya gafarta Malam, a kimiyyance..."

"Me kake sauraro da ita? Tafsiri?"

Kashim ya buɗe baki. Siddiƙa ce ta amsa daga cikin mata, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kokawa."

Dariyar ta fara daga baya, ta bi tabarmi ta iso gaba. Mai wanki ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Bulama ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Kashim ya ce ai ko a haka ma adaftar ta yi aikinta, ta kama, ba wanda zai ce ba ta kama ba. Wani ya ce ɓarawon akuya ma kamawa yake yi.

Ya Gumsu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta laluba ta kamo gefen babbar rigar Goni, ta jawo shi ya zauna kusa da ita, ta naɗe rigar a hannunta.

"Ku yi rigimarku daga baya. Haruna, kawo shi."

Haruna ya ɗago jaririn ya matso da shi. Fuska ta cika allo, jawur, da gashi kwance luf, ya yamutsa goshi ya yi wata doguwar hamma. Daidai nan ɗan akwatin ya yi ƙara, haskensa ya koma ja. Data ta ƙare. Hoton ya tsaya a kan hammar.

Kashim ya zabura zai taɓa kwamfutar.

"Kada ka taɓa," in ji Ya Gumsu. "Bar shi haka."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi goshin da yatsa, ta bi kunnen, ta ce kunnen kakansa ne, Allah ya jiƙansa. Goni ya yi addu'ar suna a haka, rigarsa a hannunta. Aka raba goro da dabino, aka ci abinci, tana zaune. Da janareta ya fara tari, ta ce a gaya wa Injiniya ya ƙara mai. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Sai da rana ta karkata ta ce ta ƙoshi, a kashe.

Bulama ya miƙa wa mai wanki makullin shago a gaban kowa. Ya ce Kashim zai riƙa sa wa Goni data har sai Goni ya ce ya yafe, a kuma sauke abin nan daga kan rufi kafin ya faɗo wa wani. A nan ne aka tuna da Wilson. Masu rumfa sun tafi da tsanin tun azahar. Yana zaune a inuwar murfin tukunya, ya ce ba komai, shi dai duk unguwar ba wanda ya kai shi ganin abin da kyau.

'Yar Goni ta zo daga Wulari za ta mai da lambar sirri, Goni ya ce a bari, shi ba zai yi hadda ba, kuma yanzu ya san ɓarawonsa.

Kashim ya dawo jam'i. Ba dawowa kawai ba, kafin ladan ya rufe baki yana sahun farko, daidai bayan liman, kafaɗa a miƙe, hannu ɗaya na yawan gyara aljihun da wayarsa ke ciki. Dattawa suka fara yaba masa, suna cewa abin kunya ya zame masa shiriya. Shi kuma ya ce dama can shi mutumin sahun gaba ne, bincike ne ya ɗan ɗauke shi.

Wata la'asar aka ta da iƙama. Goni Mikail ya juyo ya dubi sahu dama da hagu.

"A daidaita sahu, a cike gurbi, a haɗa kafaɗa," ya ce. Ya juya zai yi kabbara, sai ya ɗan dakata, ya taɓa aljihunsa.

"Kashim, fim ɗin ya kusa saukowa ne, ko mu jira ka?"